Ƙarin da Ke Ɓuya Cikin Hanji da Huhu

Yau za mu yi magana a kan wani irin ƙari wanda ba safai ake samunsa ba, amma yakan daɗe yana wahal da mutum ba a gane shi ba. Wani likitan Jamus, Oberndorfer, shi ya raɗa masa suna "karsinoyid" a 1907.

Cikin hanji da huhu, da wata tsoka da ke bayan tumbi mai daidaita sukarin jini, akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu zuba sinadari cikin jini. Daga cikinsu ƙarin ke tsira. Yawanci a hankali yake girma, shekara da shekaru, amma in an ƙyale shi yana iya yaɗuwa zuwa hanta.

Abin da ke sa ya ɓuya shi ne yakan yi kama da waɗansu cututtuka. Na hanji yakan kawo murɗar ciki da zawo mai tafiya yana dawowa, wani lokaci fuska ta ɗauki zafi farat ɗaya. Na huhu yakan kawo tari, har da jini, a zaci tarin fuka ne. Na tsokar nan kuwa wani yakan rage sukarin jini, mutum ya yi gumi da makyarkyata, ya ruɗe ko ya suma, musamman da asuba ko cikin azumi, da ya sha abu mai zaƙi sai ya farfaɗo. Wannan ba iska ba ne, ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa daga wani.

Kada ku tsorata, galibin zawo da tari ba wannan ne ke kawo su ba. Amma in kun sha magani kamar yadda aka faɗa, ciwo bai tafi ba, ko kuna ta ramewa, to, ku koma wurin malamin asibiti, ku gaya masa ranar da abin ya fara. Shi zai ba ku takarda zuwa babban asibitin Tambuwal, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a auna jini, a ɗauki hoton ciki. In an same shi da wuri, sau da yawa fiɗa takan raba mutum da shi. Ko ya yaɗu ma, akwai allura mai rage wahalarsa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.