Shaihu Umar: Darasin Yaron Da Ya Tashi A Baƙuwar Ƙasa

Na yi murna ƙwarai da aka ce a nan Lafiya zan yi wannan lacca, domin garin nan baƙi ne suka kafa shi, watau Barebari daga Barno, kuma ta nan ne manyan motoci ke bi su ƙetare Binuwai a Makurɗi su gangara Kurmi. Saboda haka maganata ta shafe ku, ta kuma shafi 'yan'uwanmu mazauna Agege a Ikko, da Sabo a Badun, da Anacha da Fatakwal, waɗanda 'ya'yansu ke tashi nesa da gida. Littafin da zan yi magana a kansa labarin irin wannan yaro ne, sunansa Shaihu Umar.

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Wannan gasa ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A lokacin Malam Abubakar yana ɗan shekara 21, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Bauci.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wani shaihin malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya warware musu. A Kagara aka haife shi, maraya. Mahassada suka yi wa mijin uwarsa, Makau, sharri a fada, aka kore shi daga gari. Ana cikin haka aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan, har ya iso Kano yana bawa. Nan wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi tamkar ɗansa, ya sa shi karatun Alƙur'ani har ya zama malami. Uwar kuwa ta bazama nemansa, ita ma aka bautar da ita aka ƙetarar da ita hamada. Da Allah Ya sada su, ba ta jima ba ta rasu. A kan hanyar komowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, Umar ya tsira.

To, jama'a, a lura da kyau. An raba yaron nan da uwa, da gari, da dangi, da 'yanci. Abu ɗaya ne ba a iya ƙwace masa ba, shi ne ilmin da ke cikin ƙirjinsa, kuma da shi ya sami matsayi sa'ad da ya komo ƙasar Hausa ba shi da kowa. Mai littafin bai ɓoye gaskiya ba: waɗanda suka sayar da shi da uwarsa masu salla ne, wanda ya karantar da shi ma fataucin bayi yake yi. Imanin Umar ya tsaya ne alhali ya ga wannan duka da idonsa.

Amma ilmi kaɗai bai cika mutum ba sai ya san labarin kansa. Shi ya sa littafin ya fara da tambayar almajirai. Yau ɗan da aka haifa a Agege, wanda Yarbanci ya fi zama a bakinsa, yana da irin wannan tambaya. In uba ya fita kasuwa da asuba, ya komo bayan lisha, bai taɓa zaunar da shi ya gaya masa sunan kakansa da garinsu ba, to titi ne zai ba shi amsa.

Akwai kuma darasin marubucin kansa. A zamaninsa waƙar wa'azi ta ajami ita ce rubutu mai daraja, ƙagaggen labari kuwa ana ɗaukarsa tatsuniya, aikin mata da yara. Malam Abubakar bai yi jayayya da kowa ba, sai ya sa labarinsa a bakin shaihi mai tsoron Allah, ya nuna alƙalamin mai hikima yana iya yi wa addini hidima. Ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a watan Janairu na 1966, amma ɗan littafin nan na ƙuruciyarsa bai mutu ba. Mervyn Hiskett ya juya shi da Turanci a 1967, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976.

Saboda haka roƙona ga iyaye guda uku ne. Ku sa yaro makarantar allo da ta boko duka. Ku ba shi tarihin gidansu da bakinku, da harshen Hausa. In kuwa kun ga yana son rubuce-rubuce, kada ku ce masa shiririta ce. Ku saya masa takarda da alƙalami, ku ba shi Shaihu Umar ya karanta muku da dare. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya mai da matafiya gida lafiya. Wassalamu alaikum.