Taswirar Nijar tana nan cikin Babbar Kasuwa

 

Bari in fara da tambaya. Wa ya taɓa sayen tattasan Difa? Kusan kowa. To wa zai iya nuna mini Difa a taswira? Kun gani, hannuwa sun ragu. Ba laifinku ba ne. Ni ma a lakwal haddar jihohi takwas na yi, na ci jarabawa, amma ajinmu ko taswirar bango babu.

Ƙasar nan faɗinta murabba'in kilomita 1,267,000 ne, kuma jihar Agadas kaɗai ta ɗauke fiye da rabi. Daga Yamai zuwa Difa ya haura kilomita 1,300. Yaron da bai taɓa wuce Dosso ba, yaya zai gane wannan da alli da allo kawai?

Ga abin da muke kira a yi. Mushe ya ɗauki tarho ɗaya, ya buɗe Google Earth, yara su bi sawun kayan da ke kasuwar nan da kewayenta. Albasa ta kai su Galmi, su ga koren fadama a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Tattasai ya kai su bakin Komadugu Yobe. Lemu ya kai su lambunan Timiya cikin duwatsun Abzin. Kantun gishiri ya kai su Bilma, su auna rairayin Tenere da ayarin raƙuma ke ratsawa. Daga nan tambaya za ta zo da kanta: me ya sa gari ya kafu a nan, bai kafu can ba? Amsar ruwa ce. Gaya tana samun ruwan sama wajen milimita 800 a shekara, Bilma ko 20 ba ta cika samu ba. Shi ya sa yawancinmu muke cunkushe a kudu, shi ya sa makiyayi yake gangarowa da rani. Yaron da ya ga haka da idonsa, da wuya a ce masa Bafillace ko Buzu baƙo ne a ƙasar nan ya yarda.

Wani zai ce, ina kuɗin intanet? Gaskiya ne, da tsada. Amma akwai manhajoji irin su OsmAnd da ake sauke taswirar Nijar sau ɗaya, a riƙa dubawa ba tare da intanet ba.

Sannan kada mu tsaya ga kallo. A OpenStreetMap kowa yana iya sa abin da ya sani. Ku tuna ambaliyar 2020, lokacin da kogin Isa ya fasa shinge ya shiga Lamorde. Mai kai agaji yana bukatar sanin ina gidaje, ina hanya, ina tudu. Unguwar da ba ta cikin taswira, mantawa da ita ba wuya.

Saboda haka mu fara daga nan inda muke zaune. Ƙofofin kasuwa, layukan ƴan atamfa, masallatai, famfunan ruwa, magudanai, duk mu sa su, da sunayen da muke kiransu da Hausa da Zabarmanci. Wanda ya iya ya koya wa ƙanensa. Iyayenmu kuma, ku da kuka san hanyoyin fatauci tun kafin tarho, ku za ku gyara mana inda muka yi kuskure.

 Allah ya ba da kasuwa.