Lardin Da Bai Cika Shekara Bakwai Ba

Jama'a, yau zan ba ku labarin wani lardi na ƙasar Indiya wanda aka kafa shi, aka kuma rushe shi, tun yaron da aka haifa ran kafa shi bai isa kiwon awaki ba.

A zamanin da Turawan Ingila su ke mulkin Indiya, akwai wani babban lardi da a ke kira Bengal, babban birninsa Kalkata. Mutanensa sun kai miliyan 78. Babban Gwamna, Lord Curzon, ya ce wannan kaya ya fi ƙarfin kan mutum ɗaya. Saboda haka ran 16 ga Oktoba, 1905, aka raba Bengal biyu. Aka ɗauki yankin gabas aka gama shi da ƙasar Asam, inda a ke noman ganyen shayi, aka kira sabon lardin Bengal ta Gabas da Asam. Aka mai da Dakka babban birninsa. Mutanensa wajen miliyan 31 ne, miliyan 18 daga cikinsu Musulmi.

To, kun san abin da ya faranta ran wani shi ya kan baƙanta ran wani. Musulmin gabas, waɗanda yawancinsu manoma ne, da yawa suka yi murna, don sun ga makarantu da ayyukan Gwamnati za su matso kusa da su. Amma masu addinin Hindu, balle malamai da lauyoyi da attajiran Kalkata, suka ce ba don sauƙin mulki aka yi ba, an yi ne don a karya ƙarfinsu, tun da ya ke harshensu ɗaya da mutanen gabas. Suka yi ta taro, suka ƙaurace wa kayan Ingila, har suka riƙa tara tufafin Turai a fili suna cuna musu wuta. Su kuma manyan Musulmi suka taru a Dakka cikin Disamba, 1906, suka kafa jam'iyyarsu, watau Muslim League.

Da rigima ta ƙi kwantawa, sai Sarkin Ingila, George na Biyar, ya zo Delhi da kansa. Ran 12 ga Disamba, 1911, ya yi shela an soke rabon, an kuma ɗauke gadon mulki daga Kalkata zuwa Delhi. Cikin Afrilu, 1912, lardin ya mutu. Musulmin gabas suka ga an yi musu kyauta an karɓe. Don a lallashe su aka yi musu alkawarin jami'a, aka kuwa buɗe ta a Dakka cikin 1921.

Amma fa miki ya warke, tabo ya saura. A da mutane suna kiran kansu mutanen Bengal, sai ga shi kowa ya koyi ƙirga yawan mabiya addininsa. Cikin 1947, da Turawa za su tashi, aka sake raba Bengal, gabas ta faɗa Pakistan. Cikin 1971, bayan yaƙi mai tsanani, ta ɓalle ta zama Bangaladash, Dakka kuwa ita ce babban birninta.

Kun ji fa, jama'a. Jan layi a taswira aikin yini ɗaya ne, amma wanda duk zai raba ƙasa, ya kamata ya fara jin ta bakin waɗanda za su kwana a gefen layin nan biyu. Allah ya ba mu shugabanni masu shawara, amin.