Iccen gona na wane ne? Jawabin da aka yi a taron ƙungiya

Dattawanmu, da ƴan'uwa da suka taso daga Kano da Legas da Maraɗi, sannunku da hanya.

Maganar icce ce ta tara mu yau. Tsofaffinmu sun san mafarinta. A 1935 Nasara suka kafa dokar daji, suka hana saran waɗansu itatuwa sai da izini. Dokar 1974 ta bi sawunta: gawo, goruba, giginya, kuka, tsamiya, duk suna ciki. Mutum yana cikin gonarsa ta gado, ya sassabe reshen gawo don awaki, sai ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. To, me muka yi? Muka riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo mana fitina. Gonaki suka koma fili fetal, iska tana binne hatsi da rairayi, sai an sake shuka sau biyu ko uku.

Bayan yunwar 1984 ne sassabin zamani ya bazu a ƙasar Maraɗi, muka koyi barin tohon kalgo da sabara. Aka yi dokar karkara a 1993, aka sake dokar daji a 2004. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta amince cewa wanda ya raini icce a gonarsa yana da haƙƙin amfaninsa.

Amma rigimar ba ta ƙare ba, ta sake kama ne. Yanzu fataken icce ke zuwa da mota, su sayi icce yana tsaye. A Gulbin Kaba, tsakanin Mayahi da Tasawa, manomi na ƙara gona, makiyayi na neman burtali, masu yankan kaba kuma ba su barin goruba ta tashi. Kowa na cewa wurin na kakansa ne, alhali ba mai takarda.

Mu da ke ci-rani abin ya fi shafa. Ka bar gona hannun ƙanenka, kuɗi suka yanke masa, ka dawo ka tarar da kututture. Ba mu ga laifinsa ba, don ba mu taɓa zama mun yi magana ba.

Saboda haka muna roƙo, kafin kowa ya koma, ya je wurin maigari da kwamitin filaye na gari, wato Kofob, a rubuta iyakar gonarsa gaban maƙwabta. A faɗi wanda ke da ikon sara. Kada a ci burtali wajen awo. Magatakardan ƙungiya zai zauna a zauren maigari bayan sallar Juma'a, don ɗaukar sunaye.