Bakinmu Ɗaya, Takardunmu Uku: Jawabin Magatakarda a Taron Zagayowar Ranar Ƙungiya, Godomey

 

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawan Zongo, malamai, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa direbobi da 'yan kamasho, ina gaishe ku. Waɗanda suka taso tun daga Faraku da Malanbil, da waɗanda suka ƙetaro daga Badagiri da safen nan, sannunku da hanya.

Kwamiti ya ce in yi magana kan biza da takardun shiga ƙasashen mutane, domin ita ce matsalar da ta fi kawo mambobi ofishinmu. Ina roƙon iyayena su yi mini afuwa idan na faɗi abin da suka riga ni sani. Akwai yara a bayanmu da suka fara bin hanya, su ma suna saurare.

Ku dubi zauren nan. Duk Hausa muke yi, masallaci ɗaya muke sallah, a Dantokpa da Misebo muke neman abinci. Amma in aka ce kowa ya fito da abin da ke aljihunsa, za a ga takardu iri uku: na Benin, na Najeriya, na Nijar. Jami'in bakin iyaka ba ya tambayar wane yare kake ji, ko a wace unguwa aka yanke maka cibiya. Littafin da ka miƙa masa shi yake dubawa, kuma dokar da ta hau kan wannan littafi ita ce ta hau kanka. Saboda haka maganar "ai maƙwabcina ya je da wannan takarda, ya dawo lafiya" ba hujja ba ce, sai in fasfonku iri ɗaya ne, kuma dokar ba ta sake ba tun tafiyarsa.

Bari mu fara da gida. Ƙungiyar CEDEAO, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira ECOWAS, an kafa ta a Legas a 1975. A watan Mayu na 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a. Abin da ta ce shi ne ɗan wata ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Mutane da yawa nan suka tsaya da karatu. Yarjejeniyar ta ci gaba da cewa sai yana riƙe da takardar tafiya mai rai da katin rigakafi. Ta kuma bar wa kowace ƙasa ikon hana wanda dokarta ta ce kada ya shiga. An ɗauke mana biza, ba a ɗauke mana takarda ba. Katin ƙungiyarmu, da katin zaɓe, da lasin tuƙi, duk suna da amfaninsu, amma babu ɗayansu da yake takardar ƙetare iyaka. Abin da ke aiki shi ne fasfo, ko katin ɗan ƙasa mai tambarin CEDEAO, ko ƙaramin littafin tafiya na CEDEAO da Najeriya ke bayarwa.

Su kuma kwana 90 ɗin nan, an daɗe ana yi musu riƙon sakainar kashi. Mutum ya shigo Kwatano da fasfon Najeriya ko na Nijar, ya kama shago, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, shekara goma ba shi da katin zama, ba shi ko da rajista a ofishin jakadancin ƙasarsa. Muddin ana zaman lafiya babu mai tambayarsa. Dattawa a nan sun san abin da ke faruwa ran da iska ta juya. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fita, Hausawan Kumasi da Akra da yawa suka bar gidaje da rumfuna. A farkon 1983, zamanin Shehu Shagari, Najeriya ta kori baƙi marasa takarda, kuma ta Seme ɗin nan aka yi ta kwararowa da kaya a ka. Lokacin yarjejeniyar Dakar tana nan da ranta, ba ta hana ba, domin waɗanda aka kora sun wuce kwanakinsu. Ba na faɗin wannan don in tsorata kowa. Benin ƙasa ce mai karɓar baƙi, tun 2017 ma ta ɗauke wa duk 'yan Afirka biza ta kwana 90. Amma wanda ya san zama ya zo yi, ya je ofishin shige da fice ya nemi katin zama tun babu mai korarsa.

Akwai kuma bambanci tsakanin izinin shiga da izinin buɗe shago. Masu zuwa Gana sun ga wannan da idonsu. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa na kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma ɗora wa baƙon da ke son harkar ciniki jarin dala miliyan ɗaya. A kan wannan aka riƙa kulle shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. Kai kaya ka sayar wa abokin hulɗarka ka juyo, wannan daban. Kama rumfa ka zauna, wannan wani abu ne daban.

Yanzu maganar da ta fi damun kusan rabin zauren nan, wato Nijar. Kun san bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka. A Fabrairun 2024 CEDEAO ta janye takunkumi, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma gadar Malanbil zuwa Gaya ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar, jama'a suka koma jirgin kwalekwale. Ranar 29 ga Janairu 2025 fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, kuma ƙasashen uku suka fara fitar da sabon fasfo na ƙawancensu, AES. CEDEAO ta sanar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan waɗannan ƙasashe masu tsohon tambari, a kuma bar su su shiga ba biza, har sai an ba da wata sanarwa. Su ma ƙasashen uku sun ce 'yan CEDEAO za su shiga wurinsu ba biza. Ku riƙe kalmar nan, "har sai an ba da wata sanarwa". Da hakki ne rubutacce cikin yarjejeniya, yanzu alfarma ce da za a iya sakewa da takarda guda. Shawarata ga iyayena da yayyena masu takardar Nijar: kada ku bari fasfo ya mutu a hannunku, ku sabunta katin ofishin jakadanci, kuma wanda zai hau kwalekwale ya sa takardunsa cikin leda ya ɗaure a jikinsa, ba cikin buhun kaya ba. Wanda ya ƙetare ta inda babu mai buga hatimi ya sani cewa a idon hukuma bai shiga ba, kuma za a iya tambayarsa a gaba.

Katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, a kansa ake yawan tsayar da mu a Seme da Hilakonji. Abu biyu kawai. Na ɗaya, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba a yin ta ranar tafiya. Na biyu, tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, babu sauran sabuntawa bayan shekara goma. Wanda ya sayi katin a tasha ba tare da allura ta taɓa jikinsa ba, kansa ya cuta, domin sauro ba ya karanta kati.

Mu fita waje. Shekarun nan mambobinmu sun fara zuwa Indiya da kansu: Surat don yadi da leshi, Mumbai da Delhi don kayan babur da sauran haja, wasu kuma asibiti. Shinkafar da ke sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano ma mai yawa daga can take. Indiya ba ta da wasa da takarda. Biza iri-iri ce, ta yawon buɗe ido daban, ta kasuwanci daban, ta jinya daban, kuma wadda ka shiga da ita ita ce aikin da aka yarda ka yi. Mai zuwa sayen kaya ya nemi ta kasuwanci, da wasiƙar gayyata daga kamfanin da zai yi hulɗa da shi. Mai raka mara lafiya akwai tasa. Wanda ya taso daga ƙasashenmu bai da katin shawara, ana iya killace shi har kwana 6 daga filin jirgi, kwanakin bizarsa na tafiya, kuɗin masauki na tafiya. Kuɗi kuma, wanda ya shiga da tsabar da ta haura dala 5,000 dole ya rubuta wa duwan. Da yawa suna ɓoyewa don tsoron kada a karɓe, alhali rashin rubutawar ne ke sa a karɓe. Kuma kada a wuce ranar da aka buga ko da kwana ɗaya. Wanda ya wuce ba zai hau jirgi ba sai ya nemi izinin fita ya biya tara, kuma abin zai bi sunansa ran da ya sake neman biza.

Hanyar neman bizar ma ta danganta da fasfo. Wasu ƙasashe Indiya ta buɗe musu nema ta intanet, wasu sai an je ofishin jakadanci. Kafin ka ba wani ɗan kamasho kuɗi, zo mu duba tare a shafin gwamnatinsu wace hanya ce ta fasfonka. Akwai shafukan ƙarya masu kama da na gaske, suna karɓar kuɗi ninki.

Abin yana da fuska biyu. Indiyawa ma suna zuwa mana, musamman masu harkar kashu da auduga, da ma'aikatan masana'antun Glo-Jigbe. Shi Ba'indiye ba ɗan Afirka ba ne, don haka sai da biza zai shigo Benin, wadda tun 2018 ake nema ta intanet, ta kwana 30 ko ta kwana 90. Ga inda mutanenmu ke shiga uku. Baƙonka ya sauka Kwatano, kun gama ciniki, sai ka ce mu leƙa Legas ka ga kasuwa, ai nan da nan ne. Kai za ka wuce Seme da katinka. Shi bizar Benin ba ta kai shi ko Badagiri, sai ya nemi ta Najeriya daban, kuma tun Mayun 2025 Najeriya ta daina ba da biza a wurin sauka, ta koma nema ta intanet kafin a taso. Haka in Lome za ku. Wanda ya bi da baƙo ta hanyar daji don a gaggauta, in aka kama su, shi mai masaukin laifinsa ya fi nauyi. Haka nan wasiƙar gayyata: kada ka sa hannu wa mutumin da ba ka sani ba don an ba ka na goro. Duk abin da ya aikata, sunanka ne a fayil.

Dubai ba sai na tsawaita ba, hajiyoyinmu sun fi ni sani. Daga ƙarshen 2022 har zuwa Yulin 2024 an daina ba masu fasfon Najeriya biza, mata biyu masu rumfa ɗaya, ɗaya ta tafi ɗaya ta zauna. Sin kuma, masu zuwa baje kolin Gwanju na Afrilu da na Oktoba, a fara neman wasiƙar gayyata da wuri. Duk waɗannan ƙasashe suna son fasfo ya kasance da sauran wata 6 a gaba, da shafuka marasa hatimi.

Saura abu biyu da nake gani kullum a kan teburina. Na farko suna. Mutum ɗaya, takardar haihuwarsa ta ce Mahamadou, fasfo ya ce Mohammed, asusun banki ya ce Mamoudou, tikitin jirgi kuma yaron shago ya rubuta Muhammadu. Mu mun san mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta sani ba. Rubutun Faransanci da na Turanci ne suka raba mana sunaye, kuma ana hana biza a kan harafi ɗaya. Ranar haihuwa ma haka, musamman iyayenmu da aka rubuta musu "wajen shekara kaza". A zaɓi abin da ke cikin fasfo, a bi shi a ko'ina. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan kuma a yi musu takardar haihuwa, a kai su ANIP su sami lambarsu tun suna ƙanana.

Na biyu yara. Al'adarmu ce ɗan'uwa ya ce tafi da yaron nan ya koyi kasuwa, ko kai shi makarantar allo a Kano ko Sakkwato. Tun 2006 Benin na da doka kan tafiya da ƙananan yara, an yi ta ne don masu safarar yara. Yaron da ba tare da iyayensa yake ba, sai da izini rubutacce daga hukuma zai fita ƙasa. Jami'i ba zai iya bambance kawu da ɓarawon yara da ido ba. Direbobi, ku ne abin ya fi faɗa wa, kada ku ɗauki yaro don an ce "a sauke shi wurin wane".

Ga abin da kwamiti ya amince. Kowane mamba ya kawo kwafin shafin farko na fasfonsa ko katinsa, da na katin shawara, mu ajiye a fayil ɗinsa, domin in takarda ta ɓace a hanya kwafin ne ke sauƙaƙa samun ta komawa gida. Zan rubuta ranar mutuwar kowane fasfo a littafi, in saura wata 8 in kira mai shi. Wanda ba ya karatun boko ya zo da takardarsa in karanta masa kafin ya sa hannu ko ya biya wani, ba a biyan ko dala. Ina ofis daga Litinin zuwa Alhamis bayan azahar, ranar Asabar kuma da safe. Hajiyoyi da suka fi son a zo musu rumfa, shugabar mata za ta tara sunaye.

 Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema.