GINI MAI JURE MOTSIN ƘASA: JAWABI A TARON SHEKARA NA ƘUNGIYA



Da aka ba mu zaɓin abin da za mu yi magana a kai, sai muka ɗauki girgizar ƙasa. Mun san wani zai ce tsufa ya kama malam, ina ruwanmu da bala'in da sai a rediyo muke jin labarinsa? To, a watan Satumba na 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna har bangaye suka tsage. A Satumban 2018 mazauna Mpape a Abuja sun yi kwanaki suna jin ƙasa tana rawa. Tun a 1939 ma girgiza ta rushe gidaje a Accra, ta kashe mutum 17. Gaskiya ne muna nesa da wuraren da manyan falalen dutsen da ke ɗauke da doron ƙasa suke gugar juna, amma alamun nan sun isa mai hankali ya dubi bangon ɗakinsa.

A watan Janairu na 2010 girgiza mai maki 7.0 ta auka wa Haiti, gwamnatin ƙasar ta ce fiye da mutum 200,000 suka rasu. Makonni shida bayan haka wata mai maki 8.8 ta auka wa Chile, wadda ƙarfinta ya ninka na Haiti kusan sau 500, amma waɗanda suka rasu ba su kai 600 ba. Ta Haiti ta faɗo dab da babban birni, wannan ba a musu. Sai dai babban bambancin yana ga gini. Chile ta sha wuya a 1960, lokacin da ta ga girgiza mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, don haka ta tsaurara dokar gini kuma ta bi ta. A Haiti kuwa kowa ya yi yadda ya ga dama, siminti kaɗan, yashi da yawa, rodi sirara.

Labarin da ya fi taɓa mu shi ne na birnin Bam a ƙasar Iran. Da asubahin ranar 26 ga Disamba, 2003, mutane suna barci, ƙasa ta girgiza na 'yan daƙiƙoƙi, sama da mutum 26,000 suka halaka. Yawancin gidajen na tubalin ƙasa ne masu rufi mai nauyi, 'yan'uwan sorayenmu na gado. Ginin ƙasa yana da juriyar ɗaukar nauyi daga sama, shi ya sa soron kakanninmu yake shekara da shekaru. Amma girgiza ta gefe take tunkuɗa, sai bango ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa, azara ta zame, rufin ya sauko gaba ɗaya. Haka aka sake gani a ƙauyukan tsaunukan Maroko a 2023.

Mene ne injiniyoyi suka koya daga waɗannan kufai? Na farko, a ɗaure gini ya zama jiki ɗaya. Linta kada ta tsaya a kan ƙofa da taga kawai, ta zagaye ɗakin kaf kamar ɗamara, ta haɗu da ginshiƙan kankare a kowace kusurwa. Ƙananan zoben ƙarfe da ke kewaye rodin ginshiƙi a matso da su kusa da juna, a lanƙwasa bakinsu ciki, domin su ne ke hana kankare fashewa. Rufi ya zama marar nauyi, taga ta nisanci kusurwa, a kuma shayar da sabon kankare ruwa aƙalla mako guda. Masu sha'awar bene da shaguna a ƙasa su yi hattara: irin wannan bene mai buɗaɗɗen gindi yana cikin waɗanda suka fi durƙushewa a Turkiyya a 2023.

A nan ne maganar ta dawo kanku. Kuna can birni kuna aiko da kuɗi, kuna tambayar ko an kai rufi, ba ku tambayar bulo nawa aka buga da buhu ɗaya. Mun ga magini ya janye rodi biyu daga ginshiƙi don a samu kuɗin fenti, mai gida kuwa yana murna da hoton da aka tura masa. Ginin da aka yi wa wannan ha'inci ko ruwan Agusta yana iya kayar da shi, balle ƙasa ta motsa.

Mu da muka ƙare rayuwarmu a aji, hankalinmu ya fi tashi a kan makarantu. A girgizar Sichuan ta ƙasar Sin a 2008, hukuma da kanta ta ce ɗalibai fiye da 5,000 suka mutu ko suka ɓace. Saboda haka muna roƙon kwamitin ayyuka, kafin a zuba harsashin azuzuwan da ƙungiya ta yi alkawari, a miƙa zanen ga ɗaya daga cikin 'ya'yanmu injiniyoyi ya duba, a kuma ware masa kuɗin mota ya zo da kansa ranar ɗaura rodi da ranar zuba kankare.