Kurma Ba Ya Jin Zagi, Amma Allah Yana Ji

Karatu: Littafin Firistoci sura 19, aya 14

 

A cikin ayar da muka karanta yau, Allah ya hana jama'arsa abu biyu: zagin kurma, da ajiye wa makaho abin da zai yi tuntuɓe da shi. Sa'an nan ya rufe dokar da gargaɗi cewa su ji tsoronsa. Me ya sa ya haɗa waɗannan da tsoron Allah? Domin kurma ba zai ji zagin ba, balle ya kai ƙara. Makaho kuma ba zai ga hannun da ya ajiye dutsen ba. Laifi ne da babu shaida a kansa, sai Allah kaɗai. Wannan doka ta shafi duk wanda za a iya cuta ba tare da ya iya faɗa ba.

Yau muna so mu yi magana a kan irin waɗannan mutane, wato manya masu raunin fahimta. Tun haihuwa ko tun ƙuruciya koyon abu yakan yi musu wuya. Wani ya kai shekara arba'in amma bai iya lissafin kuɗi ba, wani bai iya wanka shi kaɗai ba, wani kuma maganarsa ba ta fita sosai. Wannan dabam yake da taɓin hankali, ba kuwa aikin aljanu ba ne. Sau da yawa akan kira su da sunayen raini, kamar dolo ko wawa, alhali cikin kamannin Allah aka halicce su, daidai da mu. Sa'ad da iyaye suka tsufa ko ƙarfinsu ya kasa, akan nemi wani gida da zai riƙe su dare da rana. Tambayarmu ita ce, me yake faruwa a cikin gidan bayan an rufe ƙofa?

Bari mu ɗauki misali daga ƙasar Ingila, inda irin waɗannan gidaje suke da yawa, akwai kuma hukuma ta musamman mai duba su. Kusa da birnin Biristol a da akwai wani asibiti mai zaman kansa da ake kira Winterbourne View, mai gadaje 24, wanda aka buɗe a shekarar 2006. A lokacin, gwamnati tana biyan kimanin fam 3,500 kowane mako a kan mutum ɗaya. A shekarar 2011 wani ɗan jarida na BBC ya kama aiki a wurin, yana ɗauke da ɓoyayyiyar kyamara, har mako biyar. A ƙarshen watan Mayu aka nuna wa duniya abin da ya ɗauka. An ga ma'aikata suna marin waɗanda aka ba su amana, suna danne su a ƙarƙashin kujera, suna kwara musu ruwan sanyi da tufafinsu a jiki, suna barin wata a waje cikin tsananin sanyi, suna kuma dariya. Aka rufe wurin a watan Yuni. A shekarar 2012 ma'aikata 11 suka amsa laifinsu, aka ɗaure shida daga cikinsu.

Abin da ya fi ba da tsoro, 'yan'uwa, shi ne alamu sun bayyana tun da daɗewa. Wani babban ma'aikacin jinya, Terry Bryan, ya rubuta wa shugabanninsa, ya kuma kai maganar ga hukumar da ke duba asibitoci, amma ba a yi komai ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna an kai mazauna wurin ɗakin gaggawa na asibiti fiye da sau 70, an kuma tuntuɓi 'yan sanda sau 29, duk da haka ba wanda ya haɗa labarin wuri ɗaya. Waɗansu mazaunan sun faɗa wa danginsu ana dukansu, amma saboda rauninsu ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba. Da yawa an kawo su daga garuruwa masu nisa. Dangin da suka zo kuma akan tsayar da su a ɗakin baƙi, ba a barinsu su hau bene su ga inda 'ya'yansu suke kwana.

Gwamnatin Ingila ta yi alkawari za ta fitar da mutane daga irin waɗannan asibitoci zuwa kusa da gida kafin watan Yuni na 2014, amma alkawarin bai cika ba. A shekarar 2019 kyamara ta sake tona irin wannan mugunta a Whorlton Hall, a arewacin ƙasar, wurin da masu duba asibitoci suka riga suka ba shi shaidar cewa yana da kyau.

Ku lura, waɗannan wurare ba su rasa kuɗi ba, ba su rasa gini ba, ba su rasa takardar izini ba. Abin da suka rasa shi ne idon da ke shiga ciki, da kunnen da ke gaskata marar ƙarfi, da zuciyar da ke tsoron Allah. Duk inda aka tara marasa murya, aka nisanta su da danginsu, aka rufe ƙofa, to, an buɗe wa Shaiɗan taga.

Kada mu ce wannan matsalar Turawa ce. A wurinmu irin waɗannan gidaje kaɗan ne, yawancin masu wannan rauni suna hannun dangi, ko kuwa an kai su wurin masu magani da gidajen addu'a. A shekarar 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa ta ziyarci wurare 28 a Nijeriya inda ake ajiye mutane saboda larurar ƙwaƙwalwa, ta tarar da mutane ɗaure da sarƙa a yawancinsu. A cikin wuraren akwai na gwamnati, da na gargajiya, da na addini, har da waɗanda suke ɗauke da sunan Almasihu. Allon da aka kafa a bakin ƙofa da ayar Littafi Mai Tsarki ba ya tsare kowa. A shekarar 2019 ɗin ce kuma aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, amma doka ba ta da ƙafa, sai mutane sun kai ta inda ake bukatarta.

To, mene ne aikinmu? Na fari, mu je. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A cikin Matiyu sura 25, Ubangiji ya lissafta ziyarar marar lafiya da ɗaurarre cikin ayyukan da zai karɓa kamar shi aka yi wa. In kana da ɗan'uwa a irin wannan gida, ka je ba tare da ka aika da sanarwa ba, wata rana da safe, wata rana da yamma. Ka roƙa a nuna maka ɗakin kwana, da makewayi, da abin da ke cikin tukunya. Gani ya kori ji. Gidan da ya hana ka wuce zaure, ka tambayi dalili.

Na biyu, mu lura. Ya rame? Akwai tabo a wuyan hannu ko a ƙafa? Kullum ka zo yana barci saboda magani? Yana firgita idan wani ma'aikaci ya matso? Masu lura da shi sun san sunansa da abin da yake so, ko kuwa kowane wata sababbin fuskoki ne? Gida nagari yakan bar mutum ya zaɓi rigarsa, ya fita kasuwa, ya zo sujada, ya yi ɗan aikin da zai iya.

Na uku, mu gaskata su, mu kuma yi magana. Littafin Karin Magana sura 31 ya umurce mu mu zama bakin wanda ba shi da baki. In ya ce an buge shi, kada ka ce ai bai san abin da yake faɗi ba. Ka bincika, ka kai maganar ga shugaban gidan, in bai ji ba ka kai ta ofishin jin daɗin jama'a ko wurin 'yan sanda. Ku kuma da kuke wannan aiki, mun san yana da gajiya, albashin kuwa sau da yawa kaɗan ne, Ubangiji yana ganin wahalarku. Amma in kun ga abokin aiki yana cutar wani, shirunku tarayya ne cikin laifinsa.

Dattawan ikilisiya da zumuntar mata, kun san gidaje nawa ne a cikinku suke da irin wannan ɗa ko 'ya? Akwai uwar da ba ta barci da dare, tana tunanin wa zai riƙe ɗanta bayan ranta. Ku rubuta sunayensu, ku raba ziyara a tsakaninku, ku karɓi uwar na yini ɗaya ta huta. Sarki Dawuda ya aika har Lodebar aka ɗauko Mefiboshet gurgu, ya ba shi wuri a teburinsa. Haka ya kamata wurin zamansu ya kasance a cikin majami'armu.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai da kake jin abin da kurma bai ji ba, kana ganin abin da makaho bai gani ba, ka tsare bayinka da suke zaune a hannun waɗansu. Ka ba masu lura da su haƙuri da tsoronka. Ka ta'azantar da iyayensu. Ka ba mu ƙafafun zuwa, da ƙarfin hali mu yi magana. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ku huta lafiya.